Kiwon Tsohuwar Mota: Lissafin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Yi Kafin Ya Sa Kuɗinsa

A cikin tsofaffin unguwannin ma'aikata da na attajirai a Kaduna da Kano da Jos da Ikko, har yanzu akan ci karo da motar da a da ita ce abin alfaharin gida, yau kuwa tana jingine a gindin bishiya, tayoyinta sun sace, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da yawa daga cikin irin waɗannan motoci sun riga sun shiga hannun 'yan gwangwan, an yanka su an auna a sikeli. Kaɗan da suka rage su ne wasu masu hali suke nema su saya, su gyara, su ajiye don sha'awa, kamar yadda aka daɗe ana yi a Turai da Amurka.

Wannan darasi an shirya shi ne domin ɗan kasuwar da zuciyarsa ta raya masa ya shiga wannan harka, ko dai don ya ceto motar da ya gada daga mahaifinsa, ko kuma don ya ji labarin maƙudan kuɗin da ake sayar da tsofaffin motoci a ƙasashen waje. Abin da za a nuna shi ne, kuɗin da ake biya ranar saye shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin abin da motar za ta ci. Duk wanda ya taɓa kiwon doki ya san cewa ko an hau shi ko ba a hau ba, sai ya ci dawa da harawa, sai an biya barga da mai kula da shi. To, haka tsohuwar mota take, shi ya sa muka kira abin kiwo.

WACE MOTA AKE KIRA TA TARIHI?

Ba kowace motar da ta tsufa ce ta shiga wannan aji ba. Akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta masu adana tsofaffin ababan hawa, wadda ake kira FIVA a taƙaice, an kafa ta a shekarar 1966. A ƙa'idar wannan ƙungiya, motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30 ko fiye da ƙerawa, aka adana ta a kan kamanninta na asali, kuma ba ita ce ake zirga-zirgar yau da kullum da ita ba. Ke nan motar da aka ƙera a farkon shekarun 1990 ta riga ta cika sharaɗin shekaru, amma idan har yanzu tana jigilar fasinja da buhuna tsakanin kasuwannin ƙauye, to motar aiki ce tukuna.

Mutanen Ingila sun ƙara rarraba abin. Motocin da aka ƙera kafin 1905 ajinsu dabam, kuma su kaɗai ne ake bari su shiga jerin gwanon da ake yi kowace shekara daga Landan zuwa garin Brighton a cikin watan Nuwamba. Waɗanda aka ƙera tsakanin 1919 da 1930 su ma ajinsu dabam. Har ila yau, gwamnatin ƙasar ta yafe wa motar da ta kai shekara 40 harajin hanya, tun daga 2018 kuma ta ɗauke wa galibin irinsu tilascin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Wannan rangwame na can ne, kada mai mota a Nijeriya ya sa shi a lissafinsa.

ABIN DA KE BA TSOHUWAR MOTA DARAJA

A watan Mayu na 2022 an sayar da wata Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a kan kuɗi Yuro miliyan 135, a wani gwanjo da aka yi a birnin Stuttgart na ƙasar Jamus. Kafin nan, a 2018, an sayar da Ferrari 250 GTO ƙirar 1962 a kan Dala miliyan 48.4 a Amurka. Irin waɗannan labarai su ne ke ruɗin mutane. Abin lura shi ne, ita wannan Mercedes guda biyu rak aka ƙera irinta a duniya, ita kuwa Ferrari guda 36. Ƙarancinsu da tarihin tseren da ke bayansu su ne aka saya da waɗannan kuɗaɗe.

Daraja takan zo ne ta fuskoki huɗu. Na farko ƙaranci, wato nawa aka ƙera, nawa kuma suka rage. Na biyu tarihi, wato wa ya mallake ta, me kuma aka yi da ita. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne baƙar Mercedes ɗin da aka harbe Shugaban Ƙasa Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976, wadda aka ajiye a Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Ikko. Irinta an ƙera dubbai, amma ita ba ta da ta biyu. Na uku asali, wato a sami motar da injinta da giyarta da kujerunta na ranar da ta fito daga masana'anta. Na huɗu takardu, wato shaidar da ke tabbatar da duk waɗannan.

Motocin da ake samu a gidajenmu galibi an ƙera su ne da miliyoyi, saboda haka ƙaranci bai cika taimakonsu ba. Darajarsu tana ga asalinsu da lafiyar jikinsu, tana kuma hawa ne sannu a hankali. Wanda ya fahimci wannan tun farko ba zai yi cizon yatsa daga baya ba.

MOTOCI UKU DA SUKA DACE DA MAI FARAWA

Jerin kayan da Hukumar Kwastan ta hana shigowa da su ya haɗa da motocin da suka wuce wasu ƙayyadaddun shekaru da ƙerawa, kuma adadin bai kai ko kusa da shekara 30 ba. Saboda haka kasuwar mai wannan sha'awa tana cikin gida ne, a cikin motocin da suka riga suka shigo ko aka harhaɗa a nan. Daga cikinsu uku sun fi sauƙin riƙewa, domin akwai kayan gyaransu, akwai kuma makanikan da suka ƙware a kansu.

Ta farko ita ce Peugeot 504, wadda jama'a suka fi sani da Fijo. An fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta shekarar 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekara ta 1975 ne kamfanin Peugeot na Nijeriya ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Kaduna, aka kuma ci gaba da yin 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan an daina yin ta a Faransa. Wannan daɗewa ita ce ta sa kayanta suka wadata. Injinta yana da wata fa'ida ga mai gyara: bututun da fistin ke kai-kawo a ciki ana zare shi a sa sabo, ba sai an kai gangar injin an rarake ba. Rauninta kuwa yana ga kan injin, wanda na alminiyam ne, yakan lanƙwashe idan aka bar motar ta yi zafi fiye da kima. Akwai kuma 504 mai ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen sama, waɗanda aka fara a 1969, ba a kuma yi su da yawa ba, su ne suka fi tsada a kasuwar masu sha'awa.

Ta biyu ita ce Mercedes-Benz ƙirar W123, wato dangin 200 da 230E da 240D da 300D, waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kimanin guda miliyan 2.7. Masu amfani da man gas daga cikinsu sun yi suna wajen juriya. To amma kayan Marsandi ba su da arahar na Fijo, kuma tana da wasu ƙananan tiyo na iska waɗanda ke kulle ƙofofi, su kuma kashe injin mai gas. Idan suka tsage sai a ga an zare makulli inji bai mutu ba.

Ta uku ita ce Volkswagen Beetle, wadda aka fara harhaɗawa a Ojo, kan hanyar Ikko zuwa Badagry, a 1975. An ƙera ta fiye da miliyan 21 a duniya kafin a rufe yin ta a ƙasar Meziko a watan Yuli na 2003. Injinta yana baya, iska ke sanyaya shi, ba ta da lagireto balle a yi fama da ruwa. Sai dai rayuwar injin ta rataya ne a kan fambel, domin shi ke juya fankar da ke hura iskar. Da zarar ya tsinke dole a tsaya nan take. Tsofaffin injinanta ba su da filtar baƙin mai, sai wata 'yar rariya, don haka ake yi mata juye kowace kilomita 5,000.

DUBAWA KAFIN SAYE

Kuskuren da masu farawa suka fi yi shi ne su saurari ƙarar inji, in ta yi musu daɗi su biya kuɗi. Alhali kuwa inji ana iya sauke shi a gyara a cikin 'yan makonni, amma bodin da tsatsa ta cinye yakan ci kuɗin da ya fi na motar, kuma da wuya ya koma yadda yake. Don haka a fara da bodi.

A je da rana, kada a duba mota da dare ko cikin ruwan sama. A ɗaga shimfiɗar ƙasa a dubi daɓen motar, a buɗe but a cire safayar taya a dubi gurbinta, a leƙa ƙarƙashin ƙofofi da gindin gilashin gaba da wurin zaman batir. A Marsandi a ƙara da ramukan da ake sa jak, a Beetle kuwa a ɗaga kujerar baya, domin a nan batir yake, ruwansa kuma yakan huda daɓen. A tafi da ɗan maganaɗisu a naɗe shi a ƙyalle, a riƙa ɗora shi a jikin motar. Inda ya ƙi kamawa, fila ce aka cika wurin da ita aka shafe da fenti. A nan motar da ta yi zamanta a Arewa ta fi wadda ta zauna a Ikko ko Fatakwal ko Kalaba, inda laima da iskar teku mai gishiri ke hanzarta tsatsa. Ita kuma ta Arewa rana ce ke ƙona mata fenti da robobi da kujeru, amma wannan ɓarna ta fi sauƙin gyara.

Bayan bodi sai inji. A roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin a iso, a taɓa injin a tabbatar da sanyi yake, domin inji mai ɗumi yana ɓoye aibinsa. A lura da hayaƙin salansa. Shuɗi alama ce ta ƙona baƙin mai, wato zobba ko fistin sun ci. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi alama ce ta ruwa na shiga inda bai kamata ba. Baƙi kuwa yawan mai ne, sau da yawa daga kafireto. A buɗe murfin baƙin mai, idan aka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo a jikinsa, to a zargi gasket ɗin kan inji. Idan da hali a sa makaniki ya auna ƙarfin matsin kowace silinda da ma'auni.

Na uku takardu. A gwada lambar casis da lambar inji da ke jikin motar da waɗanda ke rubuce a takardar mallaka, da takardar kwastan idan shigo da ita aka yi. Tsofaffin motoci da yawa na gado ne, saboda haka a tabbatar an raba gadon, ko kuma dukan magada sun amince a rubuce a gaban shaidu. Wanda ya sayi mota daga hannun ɗa guda ba da sanin sauran ba, yana iya gama kashe mata kuɗi sannan sammaci ya iske shi. A kuma tuna cewa Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ne ranar 2 ga Afrilu, 1972. Motocin da suka shigo kafin wannan rana galibi sitiyarinsu yana dama, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta sha jan kunne game da hawa titi da irinsu. Mai son irin wannan mota ya fara jin matsayinta a wurin hukuma kafin ya ba da kafin alƙalami.

YADDA AKE BIN GYARA

Kafin a kwance ƙusa ko ɗaya, sai mai mota ya yanke shawara tsakanin abu biyu: adanawa ko sabuntawa. Adanawa ita ce a gyara abin da ya lalace kawai, a bar fenti da kujeru na asali ko da sun ɗan koɗe. Sabuntawa kuwa ita ce a kwance motar gaba ɗaya a mayar da ita kamar sabuwa. Ƙa'idojin da FIVA ta amince da su a 2012, waɗanda aka sani da Yarjejeniyar Turin, sun karkata ne ga adana asali gwargwadon iko, da rubuta duk wani canji da aka yi. Ga ɗan kasuwa wannan albishir ne, domin adanawa ta fi araha, kuma masu saye na gaske sukan fifita fentin asali mai ɗan tabo a kan sabon fenti wanda ba su san abin da ya rufe ba.

Haka kuma a guji cire injin asali a sa na wata mota. A ƙasar Kuba, inda takunkumin Amurka tun farkon shekarun 1960 ya yanke hanyar samun kayan gyara, motocin Amurka na shekarun 1950 da yawa suna yawo ne da injinan wasu kamfanoni. Dabara ce da ta ceci abin hawa, amma a idon mai tara motocin tarihi ta rage musu daraja. Idan tilas ta sa an canza wani abu, a adana tsohon a cikin kwali a rubuta sunansa a jiki.

Gyara yana da jeri, kuma saɓa jerin hasara ne. A fara da abin da ke tsayar da mota da abin da ke juya ta, wato birki da sitiyari da tayoyi da shokozoba. Sai tiyon mai da wayoyin lantarki, domin tsohon tiyo mai yoyo da tsohuwar waya mai tsirara su ne ke haddasa gobara. Daga nan sai inji da giya da lagireto. Sannan walda da gyaran bodi. Fenti da ɗinkin kujeru su ne na ƙarshe. Wanda ya fara da fenti don ɗokin a gani a yaba, zai ga an goge masa shi da hannun makaniki da tartsatsin walda.

Game da ma'amala da masu gyara, a bi ta yadda ake bin kowace kwangila. A rubuta aikin da za a yi da kuɗinsa da wa'adinsa, a raba biya kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki, kada a ba da kuɗin duka a farko. A ɗauki hoton motar ciki da waje kafin a miƙa ta, a ƙirga ƙananan kayanta irin su tambari da fitilu da madubai da marikan ƙofa, domin su ne ke ɓacewa a gareji, su ne kuma suka fi wuyar samu. A nemi dattijon makaniki wanda ya koyi aiki a zamanin kafireto da kontak, domin yaran da suka tashi da na'urar kwamfuta ba lalle ne su iya saita irin wannan inji da kunne da ma'auni ba. Kada kuma a kwance mota gaba ɗaya sai kuɗin haɗa ta yana hannu. Garejoji cike suke da motocin da aka kwance da zumuɗi, kuɗi ya yanke, kayan suka watse. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan gyara ana samunsu a Ladipo da ke Ikko, da kasuwar Nkwo a Nnewi, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. A tafi da tsohon abin a hannu a gwada. Sau da yawa na-hannu na asali ya fi sabon jabu ƙarko, amma ban da kayan birki da tiyo da robobi da fambel, waɗanda tsufa kaɗai ke kashe su, su kam sai sababbi masu inganci. Araha ba ta ado. Mai hali yakan sayi wata matacciyar mota irin tasa ya ajiye ta a matsayin rumbun kayan gyara, kuma sau da yawa hakan ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi.

KULAWA TA YAU DA KULLUM

Zama wuri ɗaya ya fi tafiya lalata tsohuwar mota. Idan ta daɗe ba ta motsa ba, robobin da ke tare mai sukan bushe su fara yoyo, birki ya kama, batir ya mutu, fetur ya lalace a tanki ya toshe kafireto, ɓeraye kuma su shiga su ci wayoyi. Tayar da ita a bar ta tana aiki a tsaye na minti biyar bai wadatar ba. A fita da ita aƙalla sau ɗaya a mako ɗaya ko biyu, a yi tafiyar kamar rabin sa'a har inji ya yi zafinsa na aiki. Idan za a yi doguwar tafiya a bar ta, a cire kan batir, a saki birkin hannu a sa mata waigi.

A yi juye aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba ta yi nisan tafiya ba. Man birki yana shan laima daga iska, laimar kuma tana sa tsatsa a ciki, tana rage ƙarfin birki idan ya yi zafi, saboda haka a canza shi kowace shekara biyu. Kada a zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, domin yana barin ƙanzo yana kuma cin alminiyam. A yi amfani da ruwan sanyaya inji da ake sayarwa don haka. A lokacin hunturu a riƙa duba filtar iska akai-akai saboda ƙura. Da damina kuwa a share ganyen da ke toshe magudanan ruwa na gindin gilashi, a kuma guji lulluɓe mota da leda ko tamfol mai hana iska, domin yana tara gumi a ƙarƙashinsa. Rumfa mai inuwa da daɓen siminti ta fi.

Taya tana tsufa ko da zanenta bai cinye ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna ranar yi: idan aka ga 2319, to an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Wadda lambobinta uku ne an yi ta kafin shekarar 2000, ba ta da sauran amfani a kan titi. Wani abin kuma shi ne fetur. An ƙera tsofaffin injina ne a zamanin fetur mai dalma, wanda ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka daina a farkon 2006, duniya baki ɗaya kuma a 2021. Injin da kansa na baƙin ƙarfe ne yana iya samun zaizayar mazaunin bawul idan ana yi masa doguwar tafiya da gudu, maganin kuwa shi ne a sa masa mazauni mai tauri lokacin da aka sauke shi. Ita ma na'urar sanyaya ɗaki ta tsofaffin motoci da iskar R12 take aiki, wadda aka daina yi a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, don haka sai an juya ta zuwa R134a a hannun wanda ya san aikin.

Akwai kuma batun rai, wanda ya fi duk waɗannan. Galibin motocin nan ba su da jakar iska, ba su da birkin da ke hana taya kullewa, fitilunsu kuma ba su kai na zamani haske ba. A tabbatar da bel ɗin kujera yana aiki, a ajiye tukunyar kashe gobara inda hannu zai kai, kada kuma a mai da ita motar doguwar tafiyar dare da iyali.

LISSAFIN RIBA DA HASARA

Ga misali domin koyon lissafi kawai, adadin ba farashin kasuwa ba ne. A ɗauka an sayi mota Naira miliyan 2. Walda da fenti suka ci miliyan 2.5, inji da birki da wayoyi miliyan 1.5, kujeru da tayoyi da robobi miliyan 1. Jimla miliyan 7 ke nan. A ɗauka kuma mai da juye da takardu da inshora da ƙananan gyare-gyare suna cin Naira 400,000 a shekara, wato miliyan 2 a shekara biyar. An kai miliyan 9. To da an bar miliyan 7 ɗin nan a cikin jari suna kawo ribar kashi 15 cikin ɗari a shekara, da sun kawo miliyan 5.25 a wannan lokaci. Ke nan sai an sayar da motar sama da miliyan 14.25 kafin a ce ta fi shago riba, ban da la'adar dillali.

Bugu da ƙari, hauhawar farashi tana iya yaudarar mai mota. Bayan cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin farashin Naira da Babban Bankin Nijeriya ya yi a watan Yuni na wannan shekara, kuɗin mai da na kayan gyaran da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo. Wanda ya sayar da mota ninkin abin da ya saye ta, alhali kuɗin ba zai sayi buhunan da zai saya a da ba, bai ci riba ba. Ita kuma tsohuwar mota ba haja ce mai saurin fita ba. Masu sonta kaɗan ne, ranar da aka matsu da kuɗi kuwa ita ce ranar da za a taya ta da wulaƙanci.

Ta fuskar inshora, tun daga 1 ga Janairu, 2023 Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa ta mayar da kuɗin inshorar tilas ta motar gida Naira 15,000, mai biyan ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 3. Wannan inshora ba ta biyan ko kwabo a kan motar mai ita. Wanda ya kashe miliyoyi a gyara sai ya nemi cikakkiyar inshora, ya kuma sa kamfanin ya amince da ƙimar motar a rubuce tun farko, tare da hotuna da rasidai, in ba haka ba ranar tsautsayi za a ƙiyasta masa ita a matsayin tsohon ƙarfe. Ana iya rage nauyin ɗawainiya ta hanyar ba da hayar motar ga masu shirya fina-finai ko masu biki, amma da sharaɗin direban mai motar ne zai tuƙa, kuma an sanar da kamfanin inshora, domin inshorar motar gida ba ta ɗaukar haya.

Daga ƙarshe, a buɗe wa motar littafi nata na kanta tun ranar farko. A rubuta kwanan wata da adadin kilomita da aikin da aka yi da kuɗinsa, a manna rasidi, a ajiye hotunan kafin gyara da bayansa. Wannan littafi shi zai nuna wa mai mota gaskiyar abin da sha'awarsa ke ci, shi ne kuma zai ƙara mata kuɗi ranar sayarwa, domin mai saye ya fi amincewa da takarda a kan rantsuwar dillali.

Shawarar da za a ba mai karatu ita ce ya ware wa wannan sha'awa kuɗinta daga cikin ribar da ya riga ya fitar, kada ya taɓa uwar kuɗi, kada kuma ya ci bashi dominta. Ya sayi mota mafi lafiyar bodi da ƙarfinsa zai iya, ko da ta fi tsada, ya fara da guda ɗaya, ya gama ta kafin ya dubi wata. Idan bayan shekaru ta mayar masa da abin da ya kashe, ya gode wa Allah. Idan kuwa ba ta mayar ba, ya riga ya san abin da ya saya tun farko, ya kuma bar wa 'ya'yansa motar da aka harhaɗa a Kakuri ko Ojo tana tashi da bugu ɗaya.